Yadda Za Ka Yi Ɗan'uwa a Kamfanin Ƙananan Motoci

Idan kana cikin bayin Allah da aka jarabta da son ƙananan motocin harhaɗawa, irin waɗanda ake sayarwa guntu-guntu a kwali, mutum da gemunsa ya zauna da gam da hantsaki yana liƙa taya mai girman maɓallin riga, to gyara zama. Ka san ciwon da ke cin kowa a wannan harka shi ne jira. Kowa yana da motar da yake addu'ar kamfani ya fitar, kamfanin kuwa yana can wata uwa duniya bai ma san ana yi ba. Duk wanda ya ce ya san abin da zai fito baɗi, to ya gama da jama'a.

Matakan nan za su mayar da kai wannan mutumin, babu tantama. Ka bi su bi da bi, na yi maka alkawarin kujera mai hannu, da shayi mai kaurin madara, da manyan mutane suna gyara zama idan ka shigo. An gwada su a kan Mai Tabarau, wani mutum mai sanyin hali da ke auna ido yana gyara gilashi a ɗan shagonsa kusa da mahaɗar hanya, kuma sun yi masa aiki fiye da yadda ya roƙa.

Mataki na 1: Ka nemo inda masu buri suke taruwa

Kada ka ɓata lokaci a kan masu sayen mota ɗaya su kai wa yaro. Masu ciwon gaske kake nema. Za ka same su a ɗakin bayan shagon da ake sayar da kwalayen, ranar hutu da yamma, wuri yana warin fenti da gam, kowa ya sunkuya ƙarƙashin fitila kamar masu tiyata.

Haka Mai Tabarau ya same su. Akwai Lauya, mai zama a kujera ɗaya tilo mai hannu, wanda ya yi shekara da shekaru yana jiran wata motar tsere ta zamanin da, mai dogon hanci kamar kwalekwale. Akwai Mai Aski, shi motar kashe gobara yake so, amma da sharaɗin tsaninta ya riƙa miƙewa. Akwai Anti Fenti, mace ɗaya a cikinsu kuma wadda ta fi su duka hannu, tana zana tsatsa a jikin mota har ka ji tsoron taɓawa kada ta yanke ka. Ita burinta motar burodi ce, irin wadda take bi ta layinsu tana yarinya. Kullum hirar ɗaya ce: ni da za su fitar da kaza, ni da za su fitar da kaza. Sai a tsine wa kamfanin saboda ya sake fitar da jar motar tsere, sannan kowa ya sayi jar motar.

Mai Tabarau a kan akwatin gwangwanayen fenti yake zama, bakin ƙofa, inda duk mai zuwa banɗaki sai ya ce masa ya ɗan janye ƙafa. A shagonsa yana ɗaure ɗan sukurun tabarau da ido ba ya ko gani, hannunsa ba ya rawa. Amma da zarar ya riƙe gilashin ƙaramar mota sai zumuɗi ya kwashe shi, ya bar zanen babban yatsansa da gam a tsakiyar gilashin. Duk motocinsa suna da wannan tambari.

Idan kai ma a kan akwati kake zaune, madalla. Daga nan ake tashi.

Mataki na 2: Ka saki maganar kamar suɓuce maka ta yi

Kada ka yi shela. Ka jira sai babban cikinsu ya kai ƙarshen ƙorafi, ka sunkuyar da kai kana goge wani abu, ka yi magana can ƙasa-ƙasa.

Wata yamma Lauya ya buga tebur ya rantse zai mutu bai ga motarsa mai dogon hanci ba. Mai Tabarau yana ƙoƙarin kankare gam daga yatsa, sai ya ji bakinsa ya ce, "Ai ta kusa."

Lauya ya juyo da kujera gaba ɗaya ya tambaye shi wa ya gaya masa. A nan ne mai ƙaramar zuciya yake cewa wasa yake yi. Mai Tabarau kuwa ya ga idanu duka a kansa, abin da bai taɓa samu ba sai a shago, can ma don ya ce a kalli yatsansa ne. Wani daɗi ya taso masa tun daga tafin ƙafa. Ya ce akwai wani ɗan'uwansu ta wajen uwa, injiniya ne a can kamfanin, a sashen da ake zana motocin da ba su fito ba tukuna.

Ka lura da hikimar: ta wajen uwa. Dangin uba ana iya bin sawunsu. Dangin uwa kuwa ba wanda ya taɓa ƙirga su ya gama. Kada ka ba shi suna, ka ce Injiniya kawai. Ka ƙara da cewa za a kore shi daga aiki idan maganar ta fita. Wannan ne zai tabbatar ta fita.

Mataki na 3: Kada ka ce wa kowa a'a

Yanzu za su riƙa zuwa maka ɗaya bayan ɗaya, kowa da burinsa a hannu kamar mara lafiya da katin asibiti. Kada ka amsa kai tsaye. Ka cire tabarau, ka hura masa iska, ka goge da gefen riga, ka kalli silin. Sannan ka ce, "Ni dai ban ce komai ba, amma kada ka cika kantarka."

Mai Aski ya bi shi har bakin titi yana tambayar tsani. Mai Tabarau ya ce Injiniya ya ambaci tsani, har ma da wani abu mai kama da tiyon ruwa. Mai Aski ya rungume turken fitilar titi. Anti Fenti ba ta tambaya ba. Ta dai zuba masa ido ta saman tabaraunta, wanda shi ya yi mata, har sai da shi da kansa ya ce motar burodi ma tana hanya, da ƙananan burodi jere a ciki. Ta ce to, Allah ya kawo ta lafiya, ta ci gaba da fentinta.

Kafin a ce me, Lauya ya gano cewa kujera mai hannu tana sa masa ciwon baya, gara Mai Tabarau ya zauna. Mai Shago, wato mai sayar da kwalayen, ya fara ƙara masa madara ba a roƙa ba. Zanen yatsan nan da ake yi wa dariya, yanzu Lauya ya ce salo ne, kamar raɓa a gilashin mota da sassafe. Mai Tabarau yana komawa gida yana waƙa a hanya, yana gaida mutanen da bai sani ba. Har ya fara jin kewar Injiniya, yana tunanin ya kwana biyu bai neme shi ba.

Mataki na 4: Ka tuna mai aski yana da wasu kawunan da yake askewa

Wannan mataki gargaɗi ne, kuma shi ne wanda Mai Tabarau ya tsallake.

Surukinsa, mahaifin matarsa, wanda kowa ke kira Baba, tsohon direban bas ne na dogon zango. Tun da ya ajiye aiki bayan wata doguwar jinya ya zama mutumin kujera: daga ɗaki zuwa baranda, daga baranda zuwa ɗaki, ba ya magana sai ta kama. Tsakaninsa da Mai Tabarau gaisuwa ce kawai, ita ma gajera. Ya taɓa ganin ƙananan motocin a gidan 'yarsa, ya tambaya ko na yaran maƙwabta ne. Aka ce na maigidan ne. Ya ce Allah ya kyauta, bai sake ɗaga maganar ba. Wuri ɗaya yake fita, wurin Mai Aski.

Ranar da suka je cin abincin rana gidan surukai, bayan an kwashe kwanuka, Baba ya aika a kira masa shi baranda. Mai Tabarau ya je ya rusuna a gefe, zuciyarsa tana laluben laifin da ya yi. Baba ya daɗe yana kallon titi, sannan ya ciro wani tsohon hoto daga aljihu. Shi ne a jiki yana saurayi, tsaye a bakin ƙofar wata doguwar bas, amma ƙofar kawai ta fito da rabin taya. Ya ce wannan bas ya tuƙa ta har gashinsa ya yi fari. Yana kwance a asibiti aka sayar da ita ga masu yankan ƙarfe. Ba wanda ya gaya masa, sai da ya warke ya je gareji ya tarar da wurinta fayau, sai baƙin mai a ƙasa.

"Malam," in ji Baba, bai dube shi ba, "an ce kana da mutum a wurin masu yin ƙanana. Irin wannan, suna yi?"

Ka sani akwai amsa mai sauƙi, a ce ba sa yin bas. Mai Tabarau ya kalli tsohon da hoton a hannunsa. Ya cire tabarau, ya hura, ya goge. Ya ce, "Baba, ai ita ce ma ta farko a layi."

Baba ya yi dariya. Matar Mai Tabarau, wadda ake kira Sista saboda ma'aikaciyar jinya ce, ta leƙo daga kicin da cokali a hannu, don ta manta yadda dariyar mahaifinta take.

Mataki na 5: Ka nemi goyon bayan gida tun kafin a fara kwashe tangaran

A falon surukai akwai wani shokes na gilashi cike da tangaran ɗin Mama, matar Baba, waɗanda ba a taɓa cin abinci a cikinsu ba kuma ba za a taɓa ci ba. Kashegari Baba ya kwashe su tas ya tura ƙarƙashin gado, ya goge gilashin, ya shimfiɗa ƙyalle mai laushi a ciki, ya ce wurin bas ne. Mama ta kira 'yarta a waya. Abin da ta faɗa a kan mijin 'yar da danginsa na wajen uwa ba zai shiga jagora mai mutunci irin wannan ba.

Sista ta dawo daga aiki ta same shi yana liƙa madubin wata a-kori-kura. Ko takalmi ba ta cire ba. Ta ce ta san danginsa na wajen uwa kaf, ta yi wa rabinsu allura, kuma babu injiniya a cikinsu sai wani mai gyaran fanka. Mai Tabarau ya ajiye hantsaki ya zayyana mata komai, ya ce gobe da safe zai je ya roƙi Baba gafara.

Ta ce kada ya kuskura. Ta zauna a bakin gado ta gaya masa abin da take gani: Baba ya fara cinye abincinsa, ya fara taka ƙafa har mahaɗa, hawan jinin da suke fama da shi ya sauka, jiya ma ya tare mai kawo madara ya koya masa yadda ake hawa tudu da giya ta biyu.

"Kai ka haifo Injiniyan nan," ta ce, "kai za ka raine shi. Amma idan Baba ya koma kujera, ka kwashe motocinka ka koma wurin ɗan'uwan naka."

Ka ga ribar wannan mataki: yanzu ba ƙarya kake yi ba, magani kake bayarwa.

Mataki na 6: Idan labarin ya dawo maka da sababbin kaya, kada ka gaishe shi

Labari ba ya zama wuri ɗaya. Mai Shago ya rubuta shi a zauren waya na masu wannan sha'awa, wani ya ɗauka ya kai wani zauren, wani a wata ƙasa ya juya shi zuwa yarensu ya haɗa da zanen bas. Wata rana da tsakar rana Mai Tabarau yana cikin auna idon wata tsohuwa, sai ga Lauya ya faɗo shagon yana haki da waya a hannu. An tabbatar, in ji shi. Wani shafi na ƙasar waje ya buga: motar tsere, motar gobara, motar burodi da doguwar bas, duk suna tafe.

Mai Tabarau ya karanta, ya sake karantawa. Ashe gaskiya ce. Ashe Allah ne ya sa bakinsa ya faɗi daidai. Ya bar tsohuwar da ƙarfen gwaji a fuska tana karanta manyan haruffa ita kaɗai, ya fizge wayar Lauya, ya tare mai babur har asibiti, ya sa aka kirawo masa Sista daga ɗakin masu haihuwa. Ya miƙa mata wayar yana tsalle kamar shi aka yi wa haihuwar.

Ta karanta har ƙasa, ta ɗora yatsa a kan layin ƙarshe ta nuna masa. An rubuta cewa majiyar labarin wani injiniya ne a cikin kamfanin, wanda ya tsegunta wa ɗan'uwansa mai sayar da tabarau.

Ta mayar masa da wayar, ta tambaye shi ko ya kulle shago.

Mataki na 7: Idan an ce ka kawo shi, ka ƙara masa nisa

Ko ba jima ko ba daɗe, wani zai so ya gaisa da mutumin naka. A nan Baba ne. Ya fara zuwa ɗakin bayan shago da kansa, da sandarsa, aka ba shi kujera mai hannu, Mai Tabarau ya koma benci kusa da shi. Baba yana da gyare-gyaren da yake so a isar: kada su manta ƙarfen ɗora kaya na sama, kada su yi mata madubi mai kusurwa don nata zagayayye ne, kuma ƙofar baya ba ta rufuwa sai an ɗaga ta an tura da gwiwa. Ya ce a kira masa Injiniya ya yi masa bayani baki da baki.

Ka fara da canjin wurin aiki. Mai Tabarau ya ce an mayar da Injiniya wani reshe a bayan duwatsu inda waya ba ta shiga. Baba ya ce ya san irin wuraren nan, ba a rasa tudun da ake hawa a samu sabis. To sai ka koma ciwo. Injiniya ya kamu da ciwon maƙogwaro, likita ya hana shi magana. Baba ya sayo kwalbar zuma ya ce a aika masa. Mai Tabarau ya ɓoye ta a bayan akwatin gilasai, yana lasar cokali guda duk safiya cike da kunya. Baba ya sake kawo wata. Ya sa Injiniya a addu'a. Mama ma, duk da abin da aka yi wa tangaran ɗinta, ta aiko da wani man shafawa a wuya.

Rannan Baba ya iso shagon tabarau da ƙaramar jaka, ya ce shi fa ya gaji da aike. Tsohon direba ne, babu garin da nisansa ke ba shi tsoro, a gaya masa motar da zai hau ya je ya duba mara lafiya. Mai Tabarau ya kalli jakar, ya kalli sabon askin da Baba ya yi don tafiya. Ya buɗe baki yana neman sunan wata cuta mai yaɗuwa, abin da ya fito shi ne, "Baba, ai jiya Allah ya yi masa rasuwa. Har an rufe shi can."

Baba ya zauna a kujerar gwajin ido. Sannan ya yi wa Mai Tabarau gaisuwa, ya ce ya rufe shago ya tafi gida, rashin ɗan'uwa ba ƙaramin abu ba ne. Da yamma mutanen ɗakin baya suka zo gidan a jere suna yi masa ta'aziyya. Sista tana raba ruwa, da ta zo kansa sai ta dangwarar da kofin ta ce, "Sannu da haƙuri."

Kada ka ji nauyi. Mamaci ba ya amsa waya, wannan sauƙi ne a gare ka.

Mataki na 8: Ranar sanarwa, ka zauna kusa da ƙofa

Kamfani ta bidiyo yake sanar da kayan baɗi. Ranar, ɗakin baya ya cika har da waɗanda ba su taɓa riƙe gam ba. Mai Shago ya ɗora kwamfuta a kan kwalaye. Lauya ya sa kwat. Mai Aski ya rufe shago, ya taho da mutumin da yake askewa, rabin kai a aske. Baba yana gaba, sanda a tsakanin gwiwoyi. Mai Tabarau ya auna nisan ƙofa da ido, sana'arsa ce.

Kiɗa ya tashi, hayaƙi ya turnuƙe allon, aka yaye ƙyalle. Jar motar tsere ce. Aka yaye na biyu, ita ce dai, shuɗiya. Na uku kuwa ita ce da fiffike a baya. Wani mutum mai murmushi ya gode wa masoya, bidiyo ya ƙare.

Mai Tabarau ya dubi bayan Baba, ya ga kafaɗun sun fara saukowa, sai ya ji ƙafarsa ta ƙi zuwa ƙofa. Ya miƙe ya ce, "Jama'a, maganar Injiniyan nan..."

Baba ya buga sanda a ƙasa. "Zauna, Malam, ba sai ka kare shi ba. Mutum ya yi musu aiki har muryarsa ta tafi, ƙasa ba ta gama rufe shi ba suka watsar da zanensa. Na san irinsu. Haka aka yi wa bas ɗina."

Ɗakin ya ɗauka. Lauya ya ce cin amanar mamaci ne, kuma akwai dokar da ta yi magana a kai, zai nemo ta. Mai Aski ya share hawaye ya ce shi tsanin ma ya yafe, marigayin yake tausayi. Mai Tabarau yana tsaye baki buɗe yana ƙoƙarin sake farawa, sai Anti Fenti ta fizgi gefen rigarsa har ya zauna. Ta ce masa ƙasa-ƙasa, yadda shi kaɗai zai ji, ya rufe bakin nan tunda yau ɗaya ƙaryarsa ta yi rana. Sannan ta ɗaga murya ta ce tunda kamfani ya ƙi, su ma suna da hannu, a yi bas ɗin a nan.

Mataki na 9: Ka koma kan akwati ka yi aiki

Ka yi haƙuri, wannan matakin babu kujera a cikinsa.

Lauya ya kawo kwalayen manyan motocin kaya da bai harhaɗa ba, aka yanka da ƙaramin zarto aka haɗa gindin bas. Mai Aski ya yi kujeru da guntayen soso da fatar tsohuwar kujerar shagonsa. Ƙarfen ɗora kaya daga ƙarafan karyayyar lema aka lanƙwaso shi. Baba yana zaune yana ba da umarni kamar yana gareji, yana sa a rushe abin da aka kwana biyu ana yi saboda hancin bai yi kumburin da ya kamata ba. Ya ba su labarin matar da ta haihu a kujerar baya, da akuyar da ta cinye tikitin fasinjoji, da ranar da birki ya tsinke a gangare ya tsayar da ita da giya da addu'a. Wani lokaci aiki yakan tsaya cak, gam yana bushewa a yatsun kowa, ana sauraro.

Tagogi aka bar wa Mai Tabarau. Ya yanko su daga tsofaffin gilasan da mutane suka bari a shagonsa, ya goge gefensu ɗaya bayan ɗaya. Sista ta ba shi safar hannu ta asibiti, don haka aka samu gilashi babu yatsa. Sai dai gilasan na masu ciwon ido ne. Idan ka leƙa ta wata tagar, kujerun su yi maka girma kamar ka shiga ka zauna, ta wata kuma su gudu can nesa. Baba ya leƙa ta mai ƙara girma, ya daɗe ido ɗaya a rufe, ya ɗago ya ce kada a canza ko ɗaya.

Anti Fenti ta ƙarasa da fenti: launin madara a sama, kore a ƙasa, tsatsa a gindin ƙofa, laka a bayan taya. Da aka kai ta gidan surukai, sai aka tarar ta fi shokes tsawo da kusan taƙi guda. Mama ta durƙusa ta fara jawo tangaran daga ƙarƙashin gado tana 'yar waƙa. Aka ɗora bas a kan teburin tsakiyar falo, wato daga yanzu baƙo a hannu zai riƙe kofinsa.

Mataki na 10: Idan an ce ka yi jawabi, ka taƙaita

Baba ya tara kowa a falo don a yaye mata ƙyalle. Sai a lokacin Mai Tabarau ya ga abin da aka ɓoye masa. A goshin bas, inda ake rubuta sunan gari, Anti Fenti ta rubuta da ƙananan haruffa, bisa umarnin Baba: ALLAH YA JIƘAN INJINIYA. Aka ce ɗan'uwan marigayi ya ce wani abu.

Ya miƙe da niyyar kalma biyu. Ya ce Injiniya mutum ne mai kunya, wanda ba ya son a tashi daga gabansa da ɓacin rai, abin da ya wahalar da shi ke nan a duniya. Ya ce suna yara tare suke yin mota da gwangwani da murfin kwalba, ruwan sama ya taɓa tafiya da motarsu cikin kwata, Injiniya ya ba shi tasa. Yana cikin faɗa sai ya ji muryarsa ta karye, hawaye na gaske suka cika masa ido har ya daina ganin falon. Mai Aski ya fashe da kuka. Mama ta goge ido da gefen mayafi. Sista ta shige kicin, aka ji kamar tana tari.

Da jama'a suka fara watsewa, Baba ya kama hannunsa ya zaunar da shi a kan doguwar kujera, kafaɗa da kafaɗa. Suka zauna suna kallon bas. Baba ya ce ya gode, ya ce a da bai fahimce shi ba. Sannan ya juyo.

"Ɗana, ban ma tambaye ka ba. Marigayin ya bar iyali?"

A bakin ƙofar kicin Sista ta tsaya da faranti, idanu a waje, tana girgiza masa kai a hankali. Anti Fenti ta sauke jakar da ta riga ta rataya. Amsar kalma ɗaya ce, kuma Mai Tabarau ya san ta. Ya dubi fuskar Baba, ya ga ta riga ta shirya jin tausayi.

"Mace ɗaya, Baba," ya ce. "Da 'yan biyu."

Baba ya jinjina kai. Ya ɗaga murya ya ce wa Mama ta nemo babbar jaka, ƙarshen wata za su je su ga marayu.

Sanarwa

Mai wannan jagora ba ruwansa da duk abin da ya biyo baya. Ba ya karɓar ƙorafi daga matan aure, ko surukai, ko kamfanoni. Ba ya ba da aron bazawara ko 'yan biyu, kuma bai san inda ake samun hayarsu ba, kada a sake kiransa a kan wannan. Duk wanda ya bi matakan nan ya tsinci kansa a tashar mota da surukai da babbar jaka, yana tambayar motar garin da babu shi, to ya sani da ƙafarsa ya je. Ya dai nemi kujerar taga.